Tukwanen da Ba Su Hau Murhu Ba

Illa ya dawo daga Sin da tari da littafi guda.
Tarin ya tafi cikin kwana huɗu.
Littafin ya shimfiɗa mini bisa tabarma,
nan Bilbis, tsakanin yumɓu da ƙaiƙayin gero,
ya ce, Kaka, ga aikin ƴan'uwanki.

Na goge hannu a zane.

Tulu ne, kore shar kamar yakuwa bayan ruwa,
yana walƙiya sai ka ce bai bushe ba.
Na kai yatsa, takarda na taɓa.
Na ce, wace amarya aka yi wa wannan?
Ya ce, ba amarya, Kaka, gawa.
Shekara dubu biyu yana kwance cikin duhu
kusa da kan wani mai gonaki.

Ya juya shafi. Ga rumbu, tsawonsa bai kai kamu ba.
Ga rijiya da gugarta, ga murhu, ga kare a tsugune.
Can gaba ga raƙumi ya ɗaga wuya,
launin zuma da kore suna zuba a tozonsa,
yana harara irin ta waɗanda ke shigo mana
kasuwar Lahadi daga Abalak.
Duk ƙasa ce aka toya. Duk an rufe su da mai su,
wai kada ya tashi can ya rasa abin awo.

Na tambayi sirrin walƙiyar.
Ya ce dalma ce da tagulla, wuta ta narkar.
Wanda ya sha ruwa a ciki zai kwanta ciwo.
To, ashe shi ya sa.
Tulun da bai san bakin rijiya ba,
tukunyar da ba ta taɓa yin baƙi ba.

Ni ma ina gina irin waɗannan, Illa,
kai dai ba ka taɓa tambaya ba.
Waɗancan jajayen da ke kife bayan ɗaki,
marasa zane, marasa marfi,
ba na kai su kasuwa.
Nomau ke zuwa da asuba, ba ya taya su,
ya ɗau uku, in yaro ne biyu.
A bakin kushewa ake fasa su,
a jera katangar bisa ƙaramin rami
don kada ƙasa ta faɗa wa likkafani.
Mu ba guzuri muke ba mamaci ba.
Rufi ne kawai.

Ranar da aka kai kakanka,
cikin ukun har da wadda na gina ina fushi da shi.

Illa ya ce yanzu nasu suna bayan gilashi,
da fitila a kansu, da mai gadi,
mutane na biyan kuɗi su gani.
Na ce, mai gonakin fa?
Ya yi shiru, ya duba bayan littafin.

Na matso da hoton kusa da idon da ke gani.
A gindin tulun, inda koren bai kai ba,
ga jar ƙasa tsirara, irin tamu,
ga kuma wurin da babban yatsa ya danna
sa'ad da aka ɗaga shi ɗanye.
Na san wannan dannin.
Na yamma ne, bayan kafaɗa ta gaji,
saura biyar, rana tana faɗuwa.
Ba a rubuta sunan mai shi ba.

Na ce a bar mini littafin ya kwana.

Da asuba sai ga sallamar Nomau.
Wani tela ne a Garkawa, daren jiya.
Na zaɓo masa uku, na ƙwanƙwasa kowace
na ji amonta, ko da za a fasa.
Ya kai hannu ga na ƙuryar, na ce bar waɗannan,
da mai su.